Samar da Wutar Lantarki da Ƙarfin Iska: Dama da Matsaloli a Ƙasar Nijar

0. Gabatarwa

A farkon watan Agusta na 2023, kwanaki kaɗan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar lantarkin da take turo wa Nijar. A wancan lokaci wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin NIGELEC ke rarrabawa daga can take fitowa, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai wanda aka ja tun 1976, da kuma layin Katsina zuwa Gazawa wanda ke ciyar da Maraɗi da Damagaram. Sai a watan Maris na 2024 aka maido da ita. Waɗannan watanni sun sake ta da wata tsohuwar tambaya, wato da me ƙasar za ta iya samar da wutarta da kanta. Ana yawan ambaton rana, da gawayin Anu Araren wanda SONICHAR ke ƙonawa tun 1981, da madatsar ruwan Kandaji. Iska kuwa ba ta cika samun shiga zancen ba, in ma ta samu, sai a ji ɗayan magana biyu: ko a ce ai ƙasar Sahel ba ta da iska, ko a ce iskar hunturu kaɗai ta isa ta haskaka ƙasar baki ɗaya. A cikin wannan ƙasida za mu yi ƙoƙarin nuna cewa maganganun biyu duk ba su tsaya a kan awo ba, sa'an nan mu bayyana abubuwan da ya kamata a sani kafin a yanke hukunci.

Game da kalmomi, na'urar da ake kira éolienne da Faransanci za mu ce mata injin iska. Sassanta da ke juyawa za mu kira su fukafukai, dogon ƙarfen da ke ɗauke da su kuma hasumiya. Gudun iska za mu ba da shi da mita a daƙiƙa (m/d), ƙarfin wuta da kilowat ko megawat, yawan wutar da aka samar kuma da kilowat-awa ko megawat-awa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Charles Brush ya kafa injin iska mai ba da kilowat 12 a birnin Cleveland na Amurka a 1888, Poul la Cour kuma ya soma gwaje-gwajensa a Askov ta ƙasar Danmak a 1891. Tsadar man fetur ta 1973 ce ta farfaɗo da ita, har aka kafa dubban injuna a Kalifoniya cikin shekarun 1980. A 2023 jimillar ƙarfin injunan iska na duniya ta haura megawat miliyan 1, ƙasar Sin ce ke da kaso mafi girma, Danmak kuwa fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska take fitowa. Saboda haka babu sauran gardama a kan ko abin yana yiwuwa. Gardamar da ta rage ita ce a ina, da wane farashi, kuma bisa waɗanne sharuɗɗa.

1. Ƙarfin da ke cikin iska

Iska tana da nauyi, kuma duk abin da ke da nauyi yana tafe, to yana ɗauke da ƙarfi. Ƙarfin da ke ratsa wani fili a kowace daƙiƙa ana lissafa shi kamar haka: P = ½ × ρ × A × v³. A nan ρ shi ne nauyin iska a cikin mita ɗaya mai tsawo da faɗi da zurfi, A shi ne faɗin da'irar da fukafukai ke sharewa, v kuma gudun iska. Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wannan 3 da ke bisa v, domin ma'anarta a ninka gudun da kansa har sau uku. Idan muka ɗauki ρ a matsayin kilo 1,2, iska mai gudun 4 m/d tana ɗauke da wat 38 a kowane murabba'in mita, mai 6 m/d tana da wat 130, mai 8 m/d kuma wat 307. Ke nan in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfi ya ninka sau takwas. Haka kuma kuskuren kashi 10 cikin ɗari wajen auna gudu yana iya zama kuskuren kashi 33 cikin ɗari wajen ƙiyasta ƙarfi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda banki ke bin diddigin takardun rance ya san cewa kuskure irin wannan ya isa ya kashe aiki.

Daga wannan ƙa'ida wani abu ya biyo baya wanda ɗalibai kan yi tuntuɓe da shi, wato matsakaicin gudu na shekara ba ya faɗin ƙarfin da wuri ke da shi. Alal misali, a ɗauki wurare biyu. A na farko iska tana kaɗawa 5 m/d dare da rana ba canji. A na biyu rabin lokaci tsit take, rabin lokaci kuma tana gudun 10 m/d. Matsakaicinsu ɗaya ne, 5 m/d. Amma a wuri na farko v³ ya ba da 125, a na biyu kuwa rabin 1000, wato 500, ninki huɗu ke nan. Don haka ne masu wannan fanni ba su gamsuwa da matsakaici, sai sun ga yadda sa'o'in shekara 8760 suka rarrabu tsakanin gudu daban-daban, kuma yawanci da tsarin Weibull suke siffanta wannan rarrabuwa.

Ba duk ƙarfin da ke cikin iska inji ke iya kamawa ba. Da zai kama shi duka, da iskar ta tsaya cik a bayansa, ta toshe wa mai zuwa hanya. Bajamushe Albert Betz ya nuna a 1919 cewa iyakar abin da za a iya samu ita ce 16/27, wato kashi 59,3 cikin ɗari. Injunan zamani kan kai kashi 45 zuwa 50 a gudun da ya fi dacewa da su. Bugu da ƙari, inji ba ya fara ba da wuta sai iska ta kai 3 ko 4 m/d, yana kai cikakken ƙarfinsa a wajen 12 m/d, kuma a wajen 25 m/d yakan tsayar da kansa don kada ya karye. Mu gwada da inji mai da'irar mita 126 daga baki zuwa baki, irin waɗanda aka kafa a Senegal. Filin da fukafukansa ke sharewa ya kai murabba'in mita 12 470, ya fi eka ɗaya ta awon gonakinmu, wato hekta. A 8 m/d zai ba da kimanin megawat 1,7. A 4 m/d ba zai kai megawat 0,2 ba. Injin ɗaya ne, kuɗin sayensa ɗaya ne, wurin da aka kafa shi ne kawai ya bambanta.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin da ya fi kowane amfani wajen kwatanta ayyuka, wato rabon aiki (facteur de charge): wutar da inji ya samar a shekara, a raba da wadda zai samar da a ce ya yi shekarar duka da cikakken ƙarfinsa. Injunan tudu na Turai sukan tsaya a wajen kashi 25 cikin ɗari. Idan aka ji an ce tashar iska mai megawat 100, to kada a ɗauka daidai take da tashar gawayi mai megawat 100.

Saura ρ, wanda littattafan Turai ke bayarwa a kilo 1,225, awon da aka yi a bakin teku cikin zafin digiri 15. Iska mai zafi ba ta kai haka nauyi ba. A digiri 40 takan sauko wajen 1,13, in kuma aka haɗa da tudun mita 400 bisa teku, kamar na ƙasar Adar, ragin ya kai kimanin kashi 12 cikin ɗari. Ba ragi ne mai kashe aiki ba, amma wanda ya kwafo jadawalin masana'anta bai gyara shi ba, lissafinsa na watan Afrilu ba zai fita ba.

2. Iskar Sahel

Manomi da makiyayi sun riga masu bincike sanin cewa iska biyu ce ke mulkin shekara a wannan yanki. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ce, busasshiya mai ƙura, daga arewa maso gabas. Daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba kuma iskar damina ce mai laima, daga kudu maso yamma. Iyakar da ke tsakaninsu, wadda masu hasashen yanayi ke kira FIT, tana hawa arewa da bazara, ta komo kudu da kaka, kuma lokacin da take ratsa wuri iska kan yi rauni, ta rasa alƙibla. Wannan ya fi fitowa fili a ƙarshen Satumba da Oktoba. Gabaɗaya iska tana ƙara ƙarfi in aka nufi arewa, musamman inda duwatsu suka matse ta. Misalin da ya fi shahara shi ne na Bodele a ƙasar Cadi, inda iska ke kutsawa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi ƙurar da ke rufe mana sama a watan Janairu.

To daga ina aka samo zancen cewa Sahel ba ta da iska? Daga tasoshin yanayi na filayen jirgin sama, irin na Yamai, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas. Waɗannan tasoshi suna auna iska a tsayin mita 10, don amfanin matuƙan jirgi, a gefen garuruwan da suka yi ta faɗaɗa har gidaje da itatuwa suka kewaye ma'aunin. Alƙalumansu, waɗanda a kudancin ƙasar suke nuna iska mai rauni, gaskiya ne a kan abin da suka auna. Sai dai fukafukan injin zamani ba a mita 10 suke juyawa ba, a mita 100 ne ko fiye. Wata tsohuwar ƙa'ida ta kimantawa tana cewa gudu yana ƙaruwa da tsayi bisa ƙarfin 1/7, wanda ke nufin daga mita 10 zuwa mita 100 gudu zai ninka sau 1,39, ƙarfi kuma kusan sau 2,7.

A Sahel ma wannan ƙa'ida ba ta isa ba, saboda wani al'amari da ya shafi dare. Bayan faɗuwar rana ƙasa tana hucewa da sauri, iskar da ke manne da ita ta yi sanyi, ta yi nauyi, ta kwanta. Iskar da ke sama da wannan shimfiɗa sai ta rabu da gogayyar ƙasa, ta ƙara gudu, har ta zama kamar kogi mai gudana a tsayin ƴan ɗaruruwan mita. Da hantsi, in rana ta dumama ƙasa, shimfiɗun biyu su gauraya, gudun ya sauko ƙasa. Shi ya sa a lokacin hunturu ƙura ta fi tashi tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, alhali da tsakar dare ko ganye ba ya motsi. Mai barci a tsakar gida zai rantse babu iska, ma'aunin mita 10 zai mara masa baya, amma a saman hasumiya labarin daban ne. A ganinmu wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da iska ke da ita a ƙasar nan: tana iya ba da wuta a sa'o'in da faifan hasken rana ba ya ba da kome. Taswirar iska ta duniya da jami'ar fasaha ta Danmak ta fitar tare da Bankin Duniya tana nuna wurare masu kyakkyawar iska a tsayin mita 100 a jihohin Tawa da Agadas. Amma taswira ce da kwamfuta ta lissafo, tana nuna inda ya kamata a je a auna, ba ta maye gurbin awon.

Akwai kuma inda yanayin bai yi mana daɗi ba. Iskar hunturu ta fi ƙarfi a watannin ɗari, lokacin da fanka da na'urar sanyaya ɗaki ke hutawa, buƙatar wuta ta yi ƙasa. Buƙatar tana kai ƙololuwa a Afrilu da Mayu, daidai lokacin da hunturu ya ja baya, iskar damina ba ta gama kankama ba, kogin Kwara kuma yana dab da ƙarancin ruwansa na shekara. Duk tsarin da za a yi, da waɗannan makonni za a gwada shi.

Ƙura da guguwa su ma suna da nasu haraji. Ƙura tana manne wa gaban fiffike, ta ɓata santsinsa, ta rage ƙarfin da yake kamawa, kuma wata bakwai ko takwas babu ruwan saman da zai wanke ta. Tana toshe matatun iska na ɗakin janareta, rairayi kuma yana cin fentin fukafukai. An ga haka a Zafarana ta ƙasar Masar. Guguwar da ke gabatar ruwan farkon damina kuwa takan taso daga gabas cikin ƴan mintoci, da gudun da zai iya wuce iyakar da inji ke tsayawa, ga tsawa a biye.

3. Abin da ayyukan maƙwabta suka koyar

Tashar tafkin Turkana a arewacin Kenya tana da injuna 365, kowane mai kilowat 850, jimilla megawat 310. Iskar wurin tana cikin mafi kyau a duniya, rabon aikinta ya wuce kashi 50 cikin ɗari. Abu biyu ne suka shafe mu a labarinta. Na farko, da gangan aka zaɓi ƙananan injuna, domin daga tashar jiragen ruwa ta Mombasa zuwa wurin tafiyar kilomita 1200 ce, kuma sai da aka gyara hanya ta fiye da kilomita 200 kafin manyan motoci su iya wucewa. Na biyu, an gama kafa injuna a 2017, amma layin da zai kwashi wutar, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammala ba sai a Satumba na 2018, saboda kamfanin da aka ba kwangilarsa ya karye. Fiye da shekara guda injuna suna tsaye, kuma bisa yarjejeniya sai da Kenya ta biya diyyar wutar da ba wanda ya sha.

Ta Taiba Ndiaye a Senegal, wadda aka buɗe a Fabrairu na 2020, tana da injuna 46 masu megawat 3,45, jimilla megawat 158,7, kuma an tsara ta ba da wajen megawat-awa dubu 450 a shekara, rabon aiki na kusan kashi 32 cikin ɗari ke nan. Manyan injuna ne, kowane fiffike ya haura mita 60, kuma abin ya yiwu ne domin wurin bai kai kilomita 100 daga tashar ruwa ta Dakar ba. Mai tunanin kawo irinsu Adar sai ya tuna cewa daga Kwatano zuwa Yamai kaɗai kilomita 1000 ce da ɗoriya, da gadoji da kwanoni da tsakiyar garuruwa, kuma rufe iyakar Benin da aka yi a 2023 ya nuna cewa ita kanta hanyar ba tabbas gare ta ba. Ga kuma ƙugiyar ɗaga kaya mai iya kai tan da yawa sama da mita 100, wadda dole a shigo da ita, a kuma sake nemo ta duk ranar da wani babban sashe ya lalace.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, ƙasa ɗaya da Maraɗi ta fuskar yanayi. Tunanin aikin ya faro ne zamanin da Umaru Musa Ƴar'aduwa ke gwamnan jihar, daga baya gwamnatin tarayya ta karɓe shi. Injuna 37 ne masu kilowat 275, wato megawat 10, ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa, masu fukafukai biyu, waɗanda ake iya kwantar da su ƙasa don gyara ba tare da babbar ƙugiya ba. Ta fuskar fasaha zaɓin yana da hujja. Amma a Disamba na 2012 ƴan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a garin Rimi, aiki ya tsaya, aka shiga jinkirin kuɗi da lalacewar kaya da sace-sace, har aka share fiye da shekara goma ba a ga amfanin da aka yi alkawari ba. Ba iska ce ta gaza a nan ba, tun da ba a ma ba ta damar gwada kanta yadda ya kamata ba.

A Nijar, a watan Maris na 2022 gwamnati ta sa hannu da kamfanin Savannah Energy na Ingila a kan tashar iska ta Tarka, a jihar Tawa: har zuwa megawat 250, injuna har 60, da wajen megawat-awa dubu 600 a shekara. In muka raba wannan adadi da 250 × 8760 za mu samu kashi 27 cikin ɗari, wanda ba zuƙi ba ne, ya yi daidai da wuri mai matsakaiciyar iska. Jadawalin farko ya sa 2025 a matsayin shekarar fara ba da wuta, wa'adin kuma ya zo aikin bai fita daga matakin bincike da shawarwari ba.

4. Layi da kuɗi

Wutar lantarki ba ta jira. A kowace daƙiƙa abin da ake samarwa dole ya yi daidai da abin da ake sha, in ba haka ba bugun layi ya kauce daga 50 a daƙiƙa, na'urorin kariya su yanke. Danmak tana iya jure yawan iskarta domin tana haɗe da madatsun ruwan Norwe da layukan Jamus da Suwidin. Kenya tana da madatsu da tashoshin zafin ƙarƙashin ƙasa. Layukan Nijar kuwa a rarrabe aka gina su: yankin kogi, yankin tsakiya da gabas, yankin arewa mai dogaro da SONICHAR, da yankin Difa, kowane da ƙaramin nauyi. A ɗora megawat 250 a kan ɗaya daga cikinsu, sa'an nan guguwar Yuni ta tsayar da injunan duka cikin minti goma, me zai cike gurbin? Sai dai injunan gazuwal da ke kunne suna jira, irin na Goru Banda, ko batura, ko madatsar ruwa, ko babban layi zuwa maƙwabta. Kandaji mai megawat 130 za ta taimaka in ta kammala, haka ma layin kilobolt 330 na Birnin Kabi, Yamai da Wagadugu wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2022. Senegal ma da ta ga haka sai ta ƙulla yarjejeniyar kafa batura a gefen Taiba Ndiaye. Kuɗin waɗannan abubuwa na cikin kuɗin iska, ko da ba a rubuta su a takardar kwangilar tashar ba.

Ta wajen farashi, hukumar IRENA ta ƙiyasta cewa matsakaicin kuɗin kilowat-awa ɗaya daga sabbin injunan tudu ya sauko daga wajen dalar Amurka 0,11 a 2010 zuwa 0,033 a 2023, kimanin Sefa 20 ke nan, ƙasa ƙwarai da abin da injin gazuwal ke ci. Sai dai wannan matsakaici ne na duniya, kuma Sin ce ta rinjaye shi. Tashar iska ba ta sayen mai, kusan duk kuɗinta a farko ake zuba shi, saboda haka farashin wutarta ya rataya ne a kan ruwan bashi. Bashin shekara 20 a kan kashi 4 cikin ɗari yana buƙatar a riƙa biyan kashi 7,4 cikin ɗari na uwar kuɗin kowace shekara. A kan kashi 12 cikin ɗari kuwa biyan ya zama 13,4, kusan ninki biyu. Iska ɗaya, inji ɗaya, amma wutar ƙasar da masu ba da rance ke tsoro ta kusa ninka ta wadda suka amince da ita tsada. Suna duban ko kamfanin wuta zai iya biya a kan lokaci har shekara 20, suna duban tsaro, suna duban siyasa. Takunkumin 2023, wanda ya tsayar da aikin Kandaji kansa, yana cikin abubuwan da za su daɗe suna tunawa.

Game da ƙauyuka, ra'ayinmu shi ne ƙananan injunan iska ba su ne mafita ba a mafi yawan kudancin ƙasar. Gajeriyar hasumiya tana cikin shimfiɗar da iska ba ta da ƙarfi, ga sassa masu juyawa da ke son mai da gyara. Injunan iska masu jan ruwa da aka kakkafa a rijiyoyin Sahel a ƙarnin da ya wuce, da yawansu sun tsaya ne don rashin wani ɗan ƙarfe ko rashin mai gyara a kusa. Faifan rana ba ya juyawa, kuma ƙasar tana da tsohuwar ƙwarewa a kansa tun zamanin da Abdu Mumuni ya shugabanci ONERSOL. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Goru Banda mai megawat 30 ta 2023 sun nuna an san hanyar. Gurbin iska shi ne manyan injuna a zaɓaɓɓun wurare, a gefen rana, don dare da hantsi da watannin da ƙura ke dusashe hasken.

5. Fili da awo

Tashar iska tana bazuwa a kan fili mai faɗi, domin dole a bar tazarar da'ira da yawa tsakanin inji da inji, amma abin da gindin hasumiya da hanyoyi ke ci kaɗan ne, ana iya noma da kiwo a tsakani. Wannan gaskiya ce ta fasaha, ba ta warware tambayar mallaka ba. A Kenya makiyayan Marsabit sun kai ƙara, kuma a 2021 kotu ta ce ba a bi ƙa'ida ba wajen ba da takardun filin Turkana. Kwarin Tarka yana bakin iyakar noma da kiwo wadda dokar 1961 ta shata, wuri ne na burtali da mashaya da saɓani tsakanin manoma da makiyaya tun kafin a yi zancen inji. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun amince da haƙƙin makiyaya a kan wuraren da suka saba zama, kuma akwai kwamitocin filaye tun daga ƙauye har jiha. In ba a bi ta kansu tun farko ba, za a bi ta kotu daga baya. Akwai kuma tsuntsaye masu ƙaura, irin su shamuwa, waɗanda ya kamata a san hanyoyinsu kafin a tsai da wurin hasumiya.

Aikin da ke gaban kome, kuma wanda ya fi kusa da ƙarfin jami'a, shi ne awo. Abin da masu ba da rance ke karɓa sananne ne: turken awo mai tsayin mita 80 zuwa 100, da ma'aunai a tsayi uku ko huɗu, da na alƙibla da zafi da nauyin iska, ana rubuta matsakaicin kowane minti goma, har shekara guda cur aƙalla, biyu ta fi. Daga nan sai a gwama wannan gajeren awo da dogon tarihin tashar filin jirgi mafi kusa, don a gane ko shekarar da aka auna ta fi sauran iska ko ta gaza su. A nan ne tsofaffin rajistocin hukumar yanayi ta ƙasa da na ASECNA da na cibiyar AGRHYMET ke da daraja, duk da abin da muka faɗa a kansu a sama. Ma'aunin kansa yana son kulawa, domin ƙura kan shiga ƙwallayen da yake juyawa a kansu, ya riƙa nuna gudu ƙasa da na gaskiya ba tare da kowa ya lura ba, sai an sauke shi an gwada.

Kuɗin turke ɗaya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin tashar da za a gina bisa alƙalumansa ba. Amma in kamfani ne ya kafa shi, alƙaluman nasa ne, kuma da su zai zauna teburin ciniki da ma'aikatar makamashi, wadda ba ta da nata da za ta gwada. Turaku biyar ko shida na hukuma, a Adar da Tarka da Damargu da gefen Agadas, waɗanda sassan kimiyyar lissafi da na yanayin ƙasa na jami'o'in Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram za su riƙa kula da su, su kuma buga sakamakonsu ga kowa, za su ba ɗaliban digiri na uku abin bincike na shekaru, su kuma ba ma'aikatar adadin da za ta ajiye a gaban mai neman kwangila in ya ce rabon aikin wurinsa kashi 27 ne.